Onasis: Attajirin da Ya Mallaki Teku, Tudu Ya Gagare Shi

Yawancin waɗanda suka san sunan Aristotil Onasis sun san shi ne ta dalilin aurensa da Jakulin, matar marigayi shugaban Amurka John Kennedy, ko ta jirgin shaƙatawarsa da tsibirin da ya saya a Girka. Wannan duk ado ne da ya zo bayan dukiya ta taru. Abin da ya cancanci nazari shi ne yadda yaron da ya tsira daga garin da aka ƙone, ba shi da ko fasfo na wata ƙasa, ya zama ɗaya daga cikin manyan masu jiragen dakon mai a duniya cikin shekara talatin. Idan aka bi rayuwarsa daki-daki za a ga abu guda yana ta maimaituwa. Muddin harka tana kan ruwa, inda babu wata hukuma guda da ke da cikakken iko, Onasis ne da riba. Da zarar ya hau tudu ya zauna da gwamnati don neman wani gata na dindindin, ko ba jima ko ba daɗe sai an raba shi da abin.

An haife shi a watan Janairun 1906 a Simirna, garin da yanzu ake kira Izmir a Turkiyya, lokacin yana ƙarƙashin Daular Usmaniyya. Mahaifinsa Sokratis hamshaƙin ɗan kasuwar taba ne a cikin Girkawan garin, don haka labarin da ake yawan bayarwa cewa ya tashi cikin talauci ba haka yake ba. Ɗan masu hali ne wanda yaƙi ya talauta. A watan Satumban 1922, bayan sojojin Girka sun sha kashi, sojojin Turkiyya suka shiga garin, gobara ta cinye unguwannin Girkawa da Armeniyawa, dubban mutane suka taru a bakin gaɓa wuta a bayansu, ruwa a gabansu. An kama mahaifinsa, an kashe wasu daga cikin danginsa, dukiyar gidan ta salwanta. Yana ɗan shekara 16 ya ga yadda gida da kanti da rumbun kaya ke zama toka a 'yan kwanaki, ya kuma ga cewa wanda ya samu jirgi shi ne ya tsira. Ni dai ban ga yadda za a fahimci sauran rayuwarsa ba tare da wannan watan ba.

A 1923 ya sauka a Buenos Aires ta Ajantina da takardar tafiya irin wadda ake ba 'yan gudun hijira marasa ƙasa. Ya samu aikin dare a kamfanin tarho, yana haɗa layukan masu kira, da rana kuma yana neman masu sayen tabar gabas wadda mahaifinsa ke aiko masa. Tabar ta karɓu, ya tara jari, ya zama ɗan ƙasar Ajantina a 1929.

Shigarsa harkar jiragen ruwa ta zo ne a lokacin da kowa ke gudu daga cikinta. Karayar tattalin arzikin duniya da ta fara a 1929 ta tsayar da ciniki tsakanin ƙasashe, jirage suna jibge a tashoshi suna tsatsa. A 1932 ya je Kanada ya sayi jiragen dakon kaya shida daga kamfanin jiragen gwamnatin ƙasar, kowanne a kan dala 20,000, kuɗin da bai wuce farashin tsohon ƙarfe ba. Biyun farko ya raɗa musu sunayen iyayensa, Onassis Socrates da Onassis Penelope. Lissafinsa mai sauƙi ne. Jirgi yana yin shekara ashirin zuwa talatin yana aiki, kasuwa kuwa ba ta kwana wuri ɗaya tsawon wannan lokaci. Wanda ya saya da arha a ranar kuka, in dai yana da abin da zai riƙe jirgin har kasuwa ta farfaɗo, cikin 'yan tafiye-tafiye zai mayar da uwar kuɗinsa. Kowane ɗan kasuwa ya san wannan a baki. Kaɗan ne ke da zuciyar fitar da kuɗi a ranar da manyan kamfanoni ke neman wanda zai rage musu kaya.

Sai kuma ya hango cewa duniya tana barin kwal tana komawa man fetur. A 1938 aka gama ƙera masa jirgin dakon mai na farko a Suwidin, mai suna Ariston, mai ɗaukar tan 15,000, babba ƙwarai a ma'aunin wancan zamani. Dalilin son babban jirgi a fili yake ga duk wanda ya zauna da alƙalami: jirgin da ya ninka wani girma ba ya buƙatar ninkin ma'aikata, ba ya shan ninkin mai, kuɗin ƙera shi ma bai kai ninki ba, amma yana ɗaukar ninkin kaya. Kuɗin dakon kowane tan sai ya faɗi, mai ƙaramin jirgi ya kasa gasa.

Amma asirin dukiyar Onasis yana cikin takardu ne fiye da cikin ƙarfe, kuma a nan ya kamata a tsaya a duba da kyau. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu buƙatar mai ta tashi, manyan kamfanonin mai suna neman jirage. Sai ya je wurin kamfanin mai ya ƙulla yarjejeniyar shata ta shekaru, tun jirgin bai wanzu ba. Ya ɗauki wannan takarda ya kai wa banki ko kamfanin inshora a New York ya ce ga jingina. Mai ba da bashin ba Bagirken da ke zaune gabansa yake dubawa ba, sa hannun kamfanin mai yake dubawa, wanda ya san ba zai kasa biya ba. Kuɗin shatar yana tafiya kai tsaye wurin biyan bashin. Bayan 'yan shekaru bashi ya ƙare, jirgi ya zama nasa, kuma da sauran shekaru masu yawa na aiki a jikinsa. Haka ya riƙa yi, jirgi bayan jirgi, da kuɗin wasu. Ya kai odarsa ma'aikatun ƙera jirage na Jamus a lokacin da suke neman aiki ido rufe bayan yaƙi, ya samu rangwame. A 1953 aka saki Tina Onassis a ruwa a Hamburg, mai ɗaukar tan kusan 45,000, jirgin dakon mai mafi girma a duniya a lokacin.

Takarda ta biyu ita ce ta rajista. Jirgi yana bin dokar ƙasar da yake ɗauke da tutarta, ba ƙasar mai shi ba. Onasis na cikin waɗanda suka fara kai jiragensu rajista a Fanama, daga baya Laberiya, inda haraji bai taka kara ya karya ba, babu dokar da ta tilasta ɗaukar 'yan ƙasa aiki, babu ƙungiyar ƙwadago mai ƙarfi. Kowane jirgi kuma da kamfaninsa daban, don in ɗaya ya shiga matsala kada ta shafi sauran. Mutumin da ya taɓa zama mara ƙasa ya mayar da rashin ƙasa jari. Sai dai wannan ribar daga aljihun wasu ta fito, kuma bai kamata a ɓoye ba: ma'aikacin jirgin da albashinsa da lafiyarsa suka koma hannun mai jirgi kaɗai, da ƙasashen da ake cin kasuwarsu ba a biya musu haraji. Masu yabon basirarsa sukan tsallake wannan, ni kuwa ina ganin rabin labarin ke nan.

A ƙarshen 1946 ya auri Tina, 'yar Stavros Livanos, babban mai jiragen ruwa na Girka. Shekara guda bayan haka Stavros Niarchos, shi ma mai jiragen ruwa na Girka, ya auri yayarta Eugenia. Surukan gida ɗaya suka zama abokan gaba na har abada: in wannan ya ƙera babban jirgi, wancan sai ya ƙera wanda ya fi shi. Tina ta haifa masa 'ya'ya biyu, Alexander a 1948 da Christina a 1950.

Shekarar 1954 ita ce ta kusa kai shi ƙasa, domin a cikinta ya yi karo da gwamnatoci ta fuska uku. A watan Janairu ya sa hannu a wata yarjejeniya a Jidda da gwamnatin Sarki Sa'ud, wanda bai daɗe da hawa gadon mahaifinsa ba. Onasis zai kafa kamfanin jiragen dakon mai masu ɗauke da tutar Saudiyya, ya biya masarautar wani kaso a kan kowane tan, ya buɗe makarantar koyon aikin jirgin ruwa a Jidda, shi kuma a ba jiragensa fifiko wajen ɗaukar man ƙasar. Ga Saudiyya wannan mataki ne na samun hannu a cikin arzikinta bayan an haƙo shi. A wannan shekarar aka saki wani ƙaton jirgi a Hamburg mai suna Al-Malik Saud Al-Awal, kuma maimakon kwalbar giyar da Turawa suka saba fasawa a goshin sabon jirgi, ruwa aka kawo daga Makka. Amma Aramco, kamfanin da ke haƙo man Saudiyya, wanda a lokacin mallakar kamfanonin Amurka huɗu ne, ya ce yarjejeniyar ta saɓa wa haƙƙin da aka ba shi tun 1933. Gwamnatin Amurka ta mara wa kamfanonin baya. Manyan kamfanonin mai suka haɗa baki suka daina ba Onasis shata, duk yarjejeniyar da ta ƙare ba a sabuntawa. Jiragensa suka fara taruwa a tashoshi babu aiki, bashin banki kuma yana nan yana jira. Daga ƙarshe aka kai maganar gaban masu sasanci a Geneva, suka yanke hukunci a 1958 cewa Aramco ke da gaskiya.

A daidai wannan lokaci Amurka ta gurfanar da shi bisa zargin zamba. Dokarta ta 1946 ta taƙaita sayar da wasu rarar jiragen dako na zamanin yaƙi ga 'yan ƙasa kawai, shi kuwa ya saye su ta hannun kamfanonin da Amurkawa ke riƙe da su a takarda. An sasanta a ƙarshen 1955, ya biya dala miliyan 7.

Karo na uku a gaɓar Peru ya faru. Tun 1950 yana da ayarin jiragen farautar wel, manyan dabbobin tekun nan da ake kashewa don mansu, ƙarƙashin uwar jirgi mai suna Olympic Challenger. Peru da Chile da Ekwado sun ayyana a 1952 cewa ruwan da ke cikin mil 200 daga gaɓarsu nasu ne. A watan Nuwamban 1954 sojojin ruwa da na saman Peru suka far wa ayarin, suka kama jirage, aka ci shi tarar dala miliyan 3. Ashe ya riga ya yi inshorar irin wannan kamu a kasuwar Lloyd's ta Landan, su suka biya. Ana yawan kawo wannan a matsayin misalin wayonsa, kuma wayon ne. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne shaidar da masu farautar Norway suka fito da ita daga bakin ma'aikatansa, cewa ayarin yana kashe ƙananan da ba su kai girman da doka ta yarda ba, yana kuma farauta a lokacin da aka hana. Ɓarna ce da babu kuɗin da zai gyara ta. A 1956 ya sayar da ayarin ga wani kamfanin Japan ya fita daga harkar.

To, a tsakiyar 1956 Onasis mutum ne mai jirage da yawa marasa aiki, har ana raɗe-raɗin karyewarsa. Ranar 26 ga Yuli shugaban Masar Jamal Abdul Nasir ya mayar da mashigin Suwez mallakar ƙasa. A ƙarshen Oktoba Isra'ila ta kai hari, Ingila da Faransa suka biyo baya, Masar ta nutsar da jirage a mashigin ta toshe shi, bai koma aiki sosai ba sai watan Afrilun 1957. Man da ke fitowa daga Tekun Fasha zuwa Turai dole ya zagaye Afirka ta kudu, tafiyar da ta kusa ninka ta da. Tafiya in ta ninka, ana buƙatar kusan ninkin jirage don kai adadin man da aka saba kaiwa. Kuɗin dako ya yi tashin gwauron zabo. Abokan gasarsa yawancin jiragensu na ɗaure da shata ta shekaru a tsohon farashi, ba su da damar motsi. Wanda ke da jirage a sake shi ne mutumin da aka ƙaurace wa. Kamfanonin da suka yi masa taron dangi su suka dawo suna layi, ya kuma yanka musu farashin da ya ga dama. Cikin 'yan watanni ya samu miliyoyin daloli, ya fita daga ramin da yarjejeniyar Jidda ta jefa shi.

Faɗuwa ce ta zo daidai da zama, kuma gaskiya ita ce ba shi ya shirya ta ba. Masu son mayar da kowace nasarar attajiri hangen nesa suna cewa ya san abin da ke tafe. Babu yadda za a yi ya sani. Da rikicin Suwez ya yi jinkirin shekara ɗaya ko biyu, wataƙila da yanzu sunansa yana cikin jerin waɗanda suka ci bashi fiye da ƙarfinsu. Abin da za a ba shi shi ne bai yi gwanjon jiragensa cikin firgici ba, ya daure har rana ta juyo. Darasin da ya ɗauka kuma ya riƙe: daga nan ya riƙa barin wani kaso na jiragensa ba tare da doguwar shata ba, don jiran irin wannan rana. Ta kuwa sake zuwa a 1967, lokacin da yaƙin kwana shida tsakanin Isra'ila da Larabawa ya rufe mashigin har 1975.

A kan tudu kuwa labarin bai canza ba. Tun 1953 ya sayi rinjayen hannun jari a kamfanin da ke riƙe da gidan caca da manyan otal-otal na Monako, har ana ce masa sarkin da ba a naɗa ba. Yarima Rainier, mai mulkin Monako, yana son buɗe ƙasar ga masu yawon buɗe ido da yawa, Onasis yana son ta zauna ta manyan masu kuɗi kawai. A 1966 yariman ya sa aka yi dokar da ta ƙirƙiri sabbin hannayen jari 600,000 aka ba gwamnati, rinjayen Onasis ya narke a dare ɗaya. Ya kai ƙara bai yi nasara ba, ya sayar da nasa a 1967 ya tafi. Ƙasar da girmanta bai kai wata unguwa a babban birni ba ta fi ƙarfinsa, saboda ita ke da ikon yin doka.

A Girka ya karɓi kamfanin jiragen saman ƙasar ya mayar da shi Olympic Airways a 1957, bisa sharuɗɗa masu gwaɓi da suka ba shi shi kaɗai damar zirga-zirgar cikin gida. Wannan ya daɗe a hannunsa, ya kuma gina shi sosai. Amma da sojoji suka yi juyin mulki a 1967, bai ƙi su ba. Ya nemi su ba shi wani babban shiri na dala miliyan 400 wanda ya haɗa da matatar mai da masana'antar alminiyam, suka yi ta ja-in-ja da Niarchos a kan wanda zai fi kusa da masu mulkin da ke ɗaure 'yan ƙasarsu, shirin kuma ya watse. Wannan tabo ne a tarihinsa. Ko a Amurka, da ya so gina matatar mai a garin Durham na jihar New Hampshire, mutanen garin ne suka taru a watan Maris na 1974 suka kaɗa ƙuri'ar ƙin amincewa, magana ta mutu.

Rayuwar gidansa ta bi ta cikin jaridu. Jirgin shaƙatawarsa Christina tsohon jirgin yaƙin Kanada ne da ya saya da arha ya kashe masa miliyoyi, kuma ofis ne kamar yadda yake wurin hutu, domin a cikinsa yake karɓar manyan baƙi irin su Winston Churchill, tsohon firaministan Birtaniya, sunansa yana ƙara nauyi a idon bankuna. Alaƙarsa da mawaƙiya Maria Callas ta kawo ƙarshen aurensa da Tina a 1960. Ya sayi tsibirin Skorpios a 1963, a can aka ɗaura aurensa da Jakulin Kennedy ranar 20 ga Oktoban 1968. 'Ya'yansa ba su yi na'am da auren ba.

A watan Janairun 1973 wani ƙaramin jirgin sama ya faɗi jim kaɗan bayan tashinsa a filin jirgin Atina, Alexander yana ciki. Ya rasu washegari yana da shekara 24. Uban ya kasa yarda cewa haɗari ne, ya sa lada mai yawa ga duk wanda zai kawo shaidar maƙarƙashiya, ba a samu ba. Daga nan bai sake komawa yadda yake ba. A watan Oktoba na wannan shekarar ƙasashen Larabawa suka rage fitar da mai, farashinsa ya ninka har sau huɗu, masu saye suka ja baya, kasuwar jiragen dako ta rushe a lokacin da ma'aikatu ke cike da odar sabbin manyan jirage. Olympic Airways ya shiga asara, ya miƙa shi ga gwamnatin Girka a farkon 1975. Cutar raunin tsoka ta kama shi har fatar idonsa ba ta iya tsayuwa da kanta, sai an manne ta da filasta kafin ya ga wanda yake magana da shi, yana ɓoye ta da baƙin tabarau. Tina, wadda ta auri Niarchos a 1971 bayan rasuwar yayarta, ta rasu a 1974. Onasis kuma ya cika ranar 15 ga Maris 1975 a wani asibiti a gefen birnin Faris, yana da shekara 69. Aka binne shi a Skorpios kusa da ɗansa.

A nan aka ga raunin ginin da ya yi. Daruruwan takardu da kamfanoni barkatai a ƙasashe daban-daban, amma cikakken hoton yana kan mutum ɗaya, wanda ke ɗauke da lissafinsa a ɗan littafin aljihu. Ya san haka, shi ya sa a watan Janairun 1974 ya rubuta wasiyya da hannunsa, ya raba dukiyar gida biyu: kaso ɗaya na Christina, ɗaya kuma, wanda da Alexander zai gada, na gidauniyar da za a kafa da sunansa. Bayan daidaitawa Christina ta samu kashi 55 cikin ɗari, gidauniyar ta samu 45. Jakulin ta karɓi kimanin dala miliyan 26 ta janye daga gadon. An ƙiyasta abin da ya bari da aƙalla dala miliyan 500.

Kasonnin biyu sun bi hanyoyi daban. Christina ta riƙe kamfanin da taimakon tsofaffin ma'aikatan mahaifinta, ta yi aure huɗu, ta rasu a Ajantina a watan Nuwamban 1988 tana da shekara 37, ta bar 'ya guda 'yar shekara uku. An yi ta shari'a tsakanin mahaifin yarinyar da amintattun dukiyar, kuma a 2013 Skorpios ya koma hannun iyalin wani attajirin Rasha. Gidauniyar kuwa, wadda aka yi wa rajista a Vaduz ta Liechtenstein a 1975, an tsara ta da hannu biyu: ɗaya yana ci gaba da kasuwancin jiragen ruwa, ɗaya yana kashe wani kaso na ribar a ayyukan jama'a. Ita ta gina asibitin tiyatar zuciya na Onasis a Atina ta miƙa wa gwamnatin Girka a farkon shekarun 1990, ta buɗe cibiyar al'adu a birnin a 2010, tana kuma ba ɗalibai tallafin karatu duk shekara. Jiragen da ke ciyar da ita har yanzu suna ɗauke da kalmar Olympic a farkon sunayensu.